Yadda ake gane tasirin masanin kemistiri: fashin baƙi kan aikin Barry Sharpless

Duk shekara idan lokacin neman gurbin majistir da dukturah ya kama, ɗalibanmu Hausawa mazauna Saudiyya da masu neman minha, wato tallafin karatu, daga gida sukan shiga farautar mushrif, malamin da zai duba bincikensu. Ko jami'ar Sarki Fahad ta Zahran ce, ko KAUST da ke Suwal, ko Sarki Sa'ud ta Riyad, ko Sarki Abdul'aziz ta Jidda, abin da ake fara buɗewa ɗaya ne: shafin malamin a Google Scholar ko Scopus. A duba maƙala nawa ya buga, sau nawa aka ambace shi, lambarsa ta h (wani ma'aunin ambato da za mu bayyana a gaba) nawa ce, shi ke nan a yanke hukunci. Lambobin suna da ranarsu. Amma a kemistirin oganik, wato ilimin haɗa sinadarai masu ɗauke da kabon, ana cewa mutum ya yi tasiri ne idan hanyar da ya ƙirƙiro ta yi aiki a hannun wanda bai taɓa ganinsa ba, a wani ɗakin gwaji, da wasu kwalabe daban. Don abin ya fito fili za mu ɗauki mutum guda mu warware aikinsa zare-zare.

An haifi Barry Sharpless a Filadelfiya ta Amurka a 1941. Ya yi dukturah a Stanford a 1968, ya koyar a MIT da Stanford, kuma tun 1990 yana cibiyar bincike ta Scripps a Kalifoniya. A nan Riyad aka ba shi lambar Sarki Faisal ta kimiyya a 1995, shekara shida kafin Nobel ɗinsa ta farko. A 2001 ya samu rabin kyautar, ɗaya rabin kuma William Knowles da Ryoji Noyori suka raba. A 2022 ya sake samu tare da Carolyn Bertozzi da Morten Meldal, ya zama mutum na biyar da ya taɓa karɓar Nobel sau biyu.

Matsalar dama da hagu

Sinadarai da yawa suna zuwa ne a siffa biyu kamar tafin hannun dama da na hagu: yatsu ɗaya, jeri ɗaya, amma ɗaya ba ya hawa kan ɗaya daidai. Jikin ɗan Adam yana bambance su.  Misalin da kowa zai iya shinshinawa shi ne wani sinadarin ƙamshi mai suna karvon, wanda siffarsa ɗaya ke ba na'ana'an shayi ƙamshinsa, ɗaya siffar kuma ita ce ƙamshin karawiya. A wajen magani abin ya wuce ƙamshi, domin siffa ɗaya na iya warkarwa, ɗayar ta zama ba ta da amfani ko ta cutar. Haɗi na yau da kullum a cikin kwalba kuwa rabi da rabi yake bayarwa. Ana auna nasarar karkata shi da lambar ee: idan an samu kashi 95 na dama da kashi 5 na hagu, ee ya zama 90.

A 1980 Sharpless da Tsutomu Katsuki, ɗan Japan da ke aiki a ƙarƙashinsa, suka buga wata gajeriyar maƙala a mujallar ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka. Sun nuna yadda za a ɗora oksijin guda a kan ɗaurin kabon mai ninki biyu, a samu zobe mai kusurwa uku da ake kira epoksayid, kuma a zaɓi fuskar da oksijin zai sauka. Kayan haɗin uku ne, duk na kan shelf: titaniyam isopropoksayid, dayetil tatret, da TBHP mai ba da oksijin. Ana yi a cikin dikloromitan a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Shi tatret ɗin daga asid ɗin tatarik yake, wanda ke cikin inabi da tsamiya, kuma dama da hagunsa duk ana sayarwa da araha. Ka sa wannan ka samu epoksayid na dama, ka sa wancan ka samu na hagu, ee sama da 90. Tun kafin ka taɓa kwalba za ka iya zana abin da zai fito a kan takarda. Wannan ne ya ja hankalin masu haɗa magunguna.

Amma hanyar 1980 tana da nauyi, domin titaniyam ɗin sai an zuba shi daidai da yawan kayan da ake juyawa, kuma raba shi da abin da aka haɗa aiki ne ja. Sai a 1986 da 1987 ɗakin gwajin nasa ya gano inda gizo ke saƙar: ɗan danshin da ke cikin kwalbar ne ke kashe katalis ɗin, wato haɗin titaniyam da tatret da ke tura aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da aka zuba garin ziyolayit mai tsotse ruwa, wanda ake kira sibs a lab, sai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na titaniyam ya wadatar. Daga nan masana'antu suka shiga, aka riƙa haɗa gilisidol mai siffa ɗaya, wanda ake gina wasu magungunan zuciya da hawan jini a kansa.

Wanda zai yi wannan haɗi a Jidda ko Zahran ya kula ƙwarai, domin iskar bakin teku cike take da danshi. Titaniyam isopropoksayid ruwa ne garai. Idan ka ga ya yi fari-fari ko ya yi ɓawo a bakin kwalba, ruwa ya riga ya shige shi. Sibs ɗin a gasa su a zafin digiri 200 zuwa 300 a ƙarƙashin injin zuƙe iska, a bar su su huce ba tare da iskar ɗaki ta taɓa su ba. Tatret ya ɗara titaniyam da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, misali 6 a kan 5. Idan ya gaza haka, za a bar titaniyam da ba shi da abokin riƙo, shi kuma zai yi ta ɗora oksijin ta kowace fuska, ee ya faɗi. Idan ya yi yawa sosai haɗin ya riƙa jan ƙafa. Sannan a bar katalis ɗin ya yi kamar minti 20 zuwa 30 a cikin sanyi kafin a zuba kaya na ƙarshe. Yawancin masu cewa hanyar ta ƙi su, a ɗaya daga cikin waɗannan wurare suka yi tuntuɓe. Kuma dikloromitan a digiri 40 yake tafasa, don haka a lokacin zafi ba abin bari a buɗe ba ne ko a ajiye inda na'urar sanyi ba ta kaiwa.

Hanyar tana da iyaka: dole kayan su kasance da ɓangaren alkohol daf da ɗaurin mai ninki biyu, domin da shi titaniyam ke riƙe su. Waɗanda suka tsallake wannan iyaka a 1990, kowa a nasa ɗakin gwaji da katalis na manganis, su ne Katsuki da Eric Jacobsen, dukansu sun yi aiki a ƙarƙashin Sharpless. Wannan wani ma'aunin tasiri ne da babu shafin intanet da zai ƙidaya maka: su wa suka fito daga hannun malamin, kuma me suka yi bayan sun tsaya da ƙafarsu.

Aikin Sharpless na biyu, na ɗora ɓangarorin alkohol biyu a kan ɗaurin mai ninki biyu, ya fara fitowa a 1988 da katalis na osmiyam da sinadarai 'yan gidan kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro. Zuwa 1992 an tace shi har ya koma gari guda a kwalba, AD-mix, mai nau'in alfa da beta. Giram 1.4 na garin ga milimol ɗaya na kaya, a cikin mililita 5 na ruwa da 5 na butanol, a sifilin digiri, a juya da ƙarfi saboda gishirin da ke cikin garin yana raba ruwan gida biyu. Idan an gama a kashe da giram 1.5 na sodiyam salfayit. Osmiyam ɗin da ke cikin wannan giram 1.4 bai wuce kimanin miligiram ɗaya ba, kuma a siffar gishiri yake, ba irin osmiyam ɗin da tururinsa ke illa ga ido ba. Duk ranar da kamfanonin sayar da sinadarai suka fara zuba hanyar wani a kwalba suna sayarwa, an wuce matakin yabo a mujalla.

Maƙalar da babu sabon haɗi a cikinta

A 2001 Hartmuth Kolb da M. G. Finn da Sharpless suka buga wata doguwar maƙala a mujallar Angewandte Chemie ta Jamus. Shawara ce suka kawo, wadda suka kira kemistirin kilik: a daina bin hanyoyi masu wuyar sha'ani don kwaikwayon abin da ke cikin tsirrai, a nemi haɗe-haɗe kaɗan waɗanda ba sa ba da kunya, masu ba da amfani mai yawa, waɗanda ruwa da iska ba sa dame su, kuma ba sai an sha wahalar tacewa ba. Shekara guda bayan haka haɗin da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya bayyana a wuri biyu, ba tare da ɗaya ya san na ɗaya ba: wajen Meldal da Christian Tornøe a Danmak, da wajen Sharpless da Valery Fokin a Scripps.

Asalin haɗin tsoho ne. Rolf Huisgen na Jamus ya yi nazarinsa tun shekarun 1960: azayid, mai naitirojin uku a jere, da alkayin, mai ɗaurin kabon ninki uku, suna haɗuwa su ba da zobe mai kusurwa biyar, tirayazol. Sai dai yana buƙatar zafi na sa'o'i, kuma siffa biyu yake bayarwa a gauraye. Da aka sa jan ƙarfe sai ya koma yana tafiya a zafin ɗaki, siffa ɗaya tak ke fita. Yadda mutanen Scripps suka tsara shi: kimanin kashi 1 cikin 100 na kofa salfet, shuɗin gishirin jan ƙarfe, da kashi 5 zuwa 10 na sodiyam askobet, wato gishirin bitamin C, a cikin ruwa da butanol. Aikin askobet shi ne ya mayar da jan ƙarfen zuwa matakin da yake aiki, ya kuma riƙe shi a can. Sau da yawa abin da aka haɗa yakan kwanta da kansa a gindin kwalba, tacewa kawai za a yi.

Inda yake lalacewa sananne ne. Idan askobet ɗin ya kwana a ruwa ya yi rawaya, ko iska ta yi yawa a kwalbar, jan ƙarfen zai koma matakinsa na da, ruwan ya yi shuɗi ko kore, haɗin ya tsaya. Wani lokaci ma alkayin biyu su haɗe da junansu. Maganinsa a narka sabon askobet a ranar, a ƙara idan launi ya juya. Babbar matsalar kuwa ita ce jan ƙarfe guba ne ga ƙwayoyin halitta masu rai. Wannan ne ya sa Bertozzi a 2004 ta koma ga alkayin da aka lanƙwasa cikin zobe mai kabon takwas, wanda matsin da yake ciki kaɗai ya isa ya sa shi haɗuwa da azayid ba tare da ƙarfe ba.

Gargaɗi a nan wajibi ne, don sauƙin haɗin yakan sa ɗalibai su manta azayid abin fashewa ne. Ƙa'idar da ake bi: jimillar kabon da oksijin da ke cikin sinadarin ta ninka naitirojin aƙalla sau uku kafin a ware shi a ajiye. Kada sodiyam azayid ya haɗu da asid, domin yana sakin tururi mai guba. Kada ya haɗu da dikloromitan, kada a ɗebe shi da cokalin ƙarfe, kada a zuba shi a magudanar ruwa. Tabarau kuma ba a cire shi ko na minti ɗaya. Sharpless kansa ya rasa ganin ido ɗaya a 1970 lokacin da bututun gilashi ya fashe a lab.

Kowace daga cikin maƙalar 2001 da ta Scripps ta 2002 an ambace ta fiye da sau dubu goma. Amma abin dubawa shi ne su wa suke ambaton. Masu haɗa magani ne, da masu yin roba da fenti, da masu nazarin DNA, da masu sa wa ƙwayoyin halitta alamar haske, mutanen da yawancinsu ba su ɗauki kansu masana oganik ba. Ambato ɗari daga fannoni goma da ƙasashe ashirin ya fi dubu daga gida ɗaya.

To, lambobin fa?

Jorge Hirsch ne ya kawo lambar h a 2005. Idan aka ce h ɗin malami 20 ne, yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Rauninta a fili yake. Mai maƙala biyar kacal, ko da kowacce ta girgiza duniya, h ɗinsa ba zai wuce 5 ba. Ba ta raguwa, don haka tana fifita wanda ya daɗe. Ba ta san wanda ya yi aikin da wanda aka liƙa sunansa a tsakiya ba. A kemistiri al'ada ita ce sunan farko na wanda ya tsaya a kan benci ne, na ƙarshe mai alamar tauraro a gefe kuma na shugaban ɗakin gwajin. Idan malami yana da maƙala 300 amma a 250 sunansa na bakwai ne cikin goma sha biyu, sauran 50 ɗin ne za su gaya maka abin da ake yi a lab ɗinsa.

Lambar tasirin mujalla kuwa matsakaicin ambaton da maƙalun shekaru biyun baya suka samu ne. Ta mujalla ce, ba ta maƙala ɗaya ba, balle ta mutum. Shi ya sa sanarwar San Faransisko ta 2012 ta nemi a daina auna masu bincike da ita. Maƙalun bita, waɗanda ke tattara aikin wasu, sukan kwashi ambato fiye da na sabon bincike, don haka a ware su gefe. Kuma akwai wani abu da ke faruwa da manyan ayyuka: idan hanya ta zama ruwan dare sai a daina ambaton tushenta. Babu mai kawo maƙalar Grignard ta 1900 ko ta Diels da Alder ta 1928 duk lokacin da ya yi haɗinsu. Sunan kawai ake kira a wuce.

Mu da ke karatu da aiki a ƙasar nan muna da ƙarin dalilin lura. A 2011 mujallar Science ta ruwaito cewa wasu jami'o'in Saudiyya na biyan fitattun masana na waje don su sa sunan jami'ar a matsayin wurin aikinsu, kuma jaridar El País ta Sifaniya ta sake tono batun a 2023. A ƙarshen waccan shekarar mujallar Nature ta ba da rahoton cewa an janye maƙala fiye da dubu goma a duniya cikin 2023, kuma ta sa Saudiyya cikin ƙasashen da kason janyewarsu ya fi yawa. Wannan bai shafe ingantaccen aikin da ake yi a nan ba, akwai ɗakunan gwaji masu kayan aiki da malamai da ba su da na biyu. Abin da yake nufi ga ɗalibi shi ne sunan da ya gani a jerin jami'a ba lallai mai sunan yana zuwa lab ɗin ba.

Ba kowace janyewa ce ha'inci ba. Frances Arnold, mai Nobel ta 2018, da kanta ta sanar a farkon 2020 cewa ta janye wata maƙalarta ta Science saboda sakamakon ya ƙi maimaituwa. Wani lokaci kuma kayan aiki ne ke yaudara. A 2003 aka buga cewa an yi haɗin Suzuki, wata hanyar haɗa kabon da kabon, ba tare da ƙarfen faladiyam da aka saba sa mata ba. A 2005 ɗakin gwajin da ya buga ya dawo ya nuna cewa sodiyam kabonet ɗin da suka saya yana ɗauke da ɓurɓushin faladiyam, kimanin kashi 50 cikin biliyan, kuma shi ne ya yi aikin. Malamin da ya gyara kuskurensa a bainar jama'a ya fi zama abin dogaro a kan wanda aka janye masa maƙala biyar saboda hotunan da aka kwafa. Rumbun Retraction Watch a buɗe yake kyauta, yana kuma faɗin dalilin kowace janyewa.

Don haka idan kana auna malami, ɗauki maƙala uku na shekarun nan da yake shi ne mai tauraro, ka sauka kai tsaye zuwa bayanan gwaji da ake liƙawa a ƙarshe. Kowane sabon sinadari ya zo da hoton NMR, wato zanen na'urar da ke nuna tsarin sinadari, na haidirojin da na kabon, ba jerin lambobi kawai ba. Dubi hoton da kyau: idan an ce an samu kashi 98 cikin 100 amma ga tsaunukan ruwan narkarwa da maiƙo sun cika shi, nauyin da aka auna ba na sinadarin kaɗai ba ne. Awon nauyin molekul ya dace da lissafi cikin kashi 5 a miliyan, awon kabon da haidirojin da naitirojin kuma kada ya kauce fiye da kashi 0.4 cikin 100. Idan an yi iƙirarin ee, a nuna zane biyu na HPLC, na'urar da ke raba sinadarai, na gaurayen dama da hagu da na abin da aka haɗa, domin in babu na farkon ba yadda za a san na'urar ta raba su. Duba ko an gwada hanyar a giram guda ko duk a miligiram 20 aka tsaya. Duba ko sun faɗi kayan da hanyar ta ƙi; maƙalar da komai ya yi nasara a cikinta akwai abin da ta ɓoye.

Daga nan ka koma Scopus, wanda ɗaliban jami'o'in nan ke samu ta laburaren dijital na Saudiyya, ka danna wurin cire ambaton kai ka ga abin da ya rage. Buɗe goma daga cikin masu ambaton. Idan sunan malamin yana cikin gabatarwa ne kawai, a tsakiyar lambobi ashirin da aka jera a baka ɗaya, gaisuwa ce. Idan yana sashen gwaji, inda aka ce an haɗa abu kaza bisa hanyar wane, to an yi aiki da shi. Rumbunan bayanan kemistiri na Reaxys da SciFinder suna nuna wannan kai tsaye, domin da zanen haɗin ake bincike a cikinsu. Akwai kuma mujallar Organic Syntheses, wadda tun 1921 ba ta buga hanya sai an maimaita ta a ɗakin gwajin ɗaya daga cikin editocinta. Epoksayid ɗin Sharpless yana ciki.

Ragowar binciken ba a intanet yake ba. Nemi ɗalibin da ya gama a hannun malamin, ko wani ɗan'uwa da ke sashen, ka tambaye shi sau nawa duktur yake zama da ɗalibansa a wata, wa ke duba hotunan NMR kafin a tura maƙala, awa nawa ake jira kafin a samu layi a na'urar, da tsawon lokacin da odar sinadari ke ɗauka kafin ta iso, domin irin su azayid da TBHP sai da takardun izini ake shigo da su, kuma risalar, wato kundin digirin, da aka gina a kansu da wannan jiran za a tsara ta.